Hucin Mama Tas

Yayata ta yi shekara ashirin da bakwai tana wanke gilashi, kuma in kana son ganin ɓacin ranta to ka kira ta mai wanke-wanke. Ni na sha kiranta haka da gangan, don kawai in ga yadda take ɗaga gira ɗaya. Ni ce autarmu, tela ce ni, ɗakina kullum cike yake da ƙyallaye da guntayen zare, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Ita kuwa tun muna yara ko kofi ka miƙa mata sai ta hura masa iska daga baki, ta ɗaga shi a haske ta duba, sannan ta yarda ta sha ruwa. Mahaifiyarmu takan ce wata rana sai yarinyar nan ta wanke fatar hannunta ta zube. A wurin aiki Mama Tas suke kiranta, saboda duk abin da ta gama wankewa sai ta ajiye shi ta ce "tas", ko da babu kowa a ɗakin.

Akwai tabo a babban yatsanta na dama, dogo, a karkace. Ni na yi mata shi da almakashi ina shekara shida, muna kokawar wani ƙyalle. Har muka tsufa in muka yi faɗa sai ta ɗaga mini yatsan ba tare da ta ce komai ba.

Direban bas ta aura, mutumin kirki mai yawan dariya, shekararsu huɗu ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya. A lokacin ne ta samu aikin wanke kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke bayan asibiti, a ƙasan bene, inda babu taga sai famfo uku da kwandon shara. Wani tsohon Dakta da ke hawa na uku ya lura cewa duk gwajin da aka yi a kwalbar da ta wanke ba ya lalacewa, na sauran kuwa sai a hankali. Ya sauko da kansa ya tsaya a bayanta yana kallon hannunta kusan rabin awa, ita kuma ko waiwaye ba ta yi ba. Washegari aka mayar da ita sama. Tun daga ranar ba ta sake taɓa kwalba ba, sai wasu 'yan gilasai sirara, kowanne bai fi tsawon yatsa ba.

Na daɗe ban gane abin da take yi da su ba, kuma gaskiya ban damu ba. Sai wata rana tana zaune a shagona ina ɗinka maɓalli, ta ce, "Auta, kin ga abin da kike yi? Shi nake yi."

Na ce, "Yaya, kar ki raina mini sana'a."

Ta ce in na ɗora maɓalli a kan riga na danna shi da yawu zai zauna, amma wanki ɗaya ya tafi. In na ɗinke shi kuwa, sai dai rigar ta mutu da shi. To su ma akwai wasu ƙananan abubuwa da jiki ke ƙerawa don su kama cuta, ido ba ya ganinsu, ita 'yan gadi take ce musu. Aikinta shi ne ta shirya fuskar gilashi yadda za a ɗinke 'yan gadin nan a kai, ba liƙawa ba. In an ɗiga jinin mara lafiya, sai su cafke alamar cutar su riƙe. A wanke, a zuba wani ruwa mai launi, a kai ɗakin duhu. In akwai cuta sai wurin ya yi haske kore, in babu sai ya zauna baƙi ƙirin.

Ga yadda take yi, don na zo na gani da idona daga baya. Da farko ta jiƙa gilasan a wani ruwa mai zafi da ke cinye duk wani maiƙo, wanda in ya ɗiga a riga sai dai ka ga rami. Ta ɗauraye da tataccen ruwa sau bakwai. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kai: in ya baje ya kwanta, gilashi ya fita, in ya dunƙule ya tsaya, a koma farko. Daga nan ta shafa wa fuska ɗaya wani sinadari da suke kira silan, wanda ke kama gilashin ya bar wasu 'yan hannuwa a tsaye. Sai sinadari na biyu, mai ƙugiya gaba da baya, ɗaya ta kama hannun, ɗaya ta tsaya a buɗe tana jira.

Wannan lokacin jiran shi ne take kira awar yunwa, kuma in ta ambace shi muryarta takan yi ƙasa. Ta ce a wannan awar gilashin ba ya tambayar wane ne kai. Duk abin da ya fito daga jikin mai rai ya taɓa shi, ko gumi ne, ko ɓurɓushin fata, ko amosanin kai, zai kama shi, kuma sabulun duniyar nan ba zai raba su ba. Shi ya sa ba mai shiga ɗakin sai ita, da riga har wuya, da hula, da safar hannu biyu, da takunkumi. Sai inji ya ɗiga 'yan gadin a gurabensu, sannan a cike sauran ƙugiyoyin da furotin na madara don su ƙoshi su daina kame-kame. Na yi dariya na ce ashe jarirai take reno. Ba ta yi dariya ba.

A duk kashin da ta gama, akan zare gilashi ɗaya a yi masa gwajin gaba ɗaya da ruwan gishiri zalla, ba jinin kowa. Shi suke kira shaida. Dole shaida ya fito baƙi, don babu abin da zai gani. Shekara ashirin da shida shaidun Yaya suna fitowa baƙi, kuma wannan shi ne abin da take taƙama da shi a duniya, ba ɗanta da ya yi karatu ya tafi nesa ba, ba gidan da ta gina ba. In baƙi suka zo ziyara, tsohon Dakta yakan nuna ta ya ce ga hannun da ba ya barin sawu.

Tsohon ya rasu, wata sabuwar Dakta ta gaje shi, mace mai natsuwa wadda ba ta kai ɗan Yaya shekaru ba, tana ce mata Mama tana ɗan rusunawa. Ita ta kawo sabon aiki, gilasan gano ciwon daji na huhu tun bai yi nisa ba. Shekara ɗaya da rabi komai lafiya lau. Sai wata rana shaida ya fito da ɗan haske, kaɗan, kamar an shafa masa toka kore. Aka ce ƙila ruwa ne, aka canza. Wata na gaba hasken ya ƙaru. Aka canza safar hannu, aka canza madarar, aka kira masu gyara suka kwance injin suka mayar. Wata na uku ko makaho ya tsaya kusa sai ya ji a jikinsa akwai abu a wurin. Kuma ba a guraben 'yan gadin kaɗai yake ba, ko'ina ne, wani hazo-hazo mai faɗi a tsakiya yana sirancewa zuwa gefe.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, makon da Yaya ta ɗauki hutu wani ma'aikaci ya yi kashi ɗaya, mutumin da ko kofin shayinsa ba ya wankewa, shaidansa ya fito baƙi ƙirin.

To ka san mutane. Masu shara suka fara cewa gilasan suna ganin jinin wanda bai zo ba tukuna. Wani ya ce tsohon Dakta ne yake zagayowa duba aikinsa. Maigadi, wanda da yakan hau ya gaishe ta kowace safiya, ya koma tsayawa a hawa na biyu yana ɗaga murya. Ni da ta ba ni labari na ce shirme ne, gilashi ne ya lalace tun daga kamfani. Ta kalle ni ta ce, "Gilashi ba ya ƙarya, Auta. In ya ce akwai mara lafiya a ɗakin nan, to akwai. Ta inda yake shigowa ne ban sani ba." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, ga rana tsaka, ga keken ɗinki yana gudu a ƙarƙashin ƙafata.

Ta karɓi baƙin zare a wurina. A awar yunwa in ta fito, sai ta ɗaura shi daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan, daidai gwiwa. Kullum ta dawo ta tarar da zarenta yadda ta bar shi, kuma kullum shaida ya ƙara haske.

A watannin nan na ga Yaya tana lalacewa. Ta riƙa wanke hannu har ya tsattsage yana jini, ta daina shafa mai, ta aske gashinta ƙwal wai ko amosani ne. Ta rame. In ta hau matakalar shagona, taki huɗu kacal, sai ta dafa bango ta tsaya. Akwai wani ɗan tari busasshe da take yi, na yi mata magana ta ce warin sinadarai ne, shekara nawa tana shaƙa. Na yarda, don ni ma na fi son in yarda. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Sai takarda ta zo. Dakta ta yi ƙoƙari, ta ba ta a ofis, ƙofa a rufe, idonta cike da hawaye. Amma kashi shida aka zubar, asibitoci suna jira, kuma na sama da ita sun matsa. Takardar ta ce in kashi na gaba ya sake lalacewa, za a mayar da Yaya ƙasa wurin kwalabe, saboda rashin tsabtar aiki. Ta kawo mini ita shago, ta shimfiɗa a kan teburin yanka, ta ɗora yatsan nan mai tabo a ƙarƙashin kalmomin uku.

"Karanta mini nan."

"Yaya, kin iya karatu."

"Ki karanta in ji da kunnena."

Na karanta. Na ce ta yaga takardar ta watsa musu a fuska, ta zo ta zauna a shagona tana yi mini gori, ɗanta zai riƙe ta, ni ma ban mutu ba. Ta ce ba zancen aiki ba ne. Ta ce ko gobe ta bari ba komai, amma ba za ta fita daga ginin nan da sunan ƙazama a rubuce cikin fayil ba. Sannan ta ce, "Ranar Asabar ba kowa. Ki zo ki zama idona. Ke da kike hango karkataccen ɗinki daga tsallaken titi, ki zauna ki kalle ni tun daga farko har ƙarshe. Akwai abin da nake yi, ni ba na ganinsa."

Muka je da safe. Maigadi ya buɗe mana yana kallona kamar mai yi mini jaje. Ginin shiru, sai ƙugin firij-firij a kowane lungu, fitilun baranda rabi a kashe. A hawa na uku ta tsaya ta daɗe tana mayar da numfashi, tana yi kamar mabuɗi take nema a jaka. Ta sa mini riga da hula da takunkumi, ta zaunar da ni a bayan wata taga ta gilashi da ke kallon ɗakin aikinta, ta ce ko tari ya zo mini in haɗiye shi.

Ban taɓa ganin Yaya tana aiki ba sai ranar, kuma na ji kunyar duk tsokanar da na yi mata. Hannunta ba ya gaggawa, ba ya jinkiri. Da ɗan hantsaki take ɗaukar gilashi ta gefe, ta tsoma, ta ɗaga, ta juya, ba ya ko ƙara. Leɓɓanta suna motsi a ƙarƙashin takunkumi tana ƙirga ɗauraya. Awa uku ina zaune, duwawuna ya mutu, ban ga komai ba sai gwaninta.

Aka zo awar yunwa. Ta fito da gilasan sun bushe, za ta jera su a tiren injin. Ta juya wa ƙofa baya, amma tagata a gefe take, ina ganin fuskarta. Ta ɗauki na farko, ta sa ɗan yatsa ta ja takunkumin ƙasa, ta kai gilashin kusa da baki, ta ce "haa", ta duba shi a haske, ta mayar da takunkumin, ta ajiye. Duka bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Ta ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Har guda arba'in.

Da ta fito ta zare safar hannu ta ce, "Me kika gani?"

Na ce, "Ban ga komai ba, Yaya. Ko ƙuda bai gifta ba. Sai dai ban gane abin da ya sa kike hura musu ba."

"Hura wa wa?"

"Gilasan mana. Kina jan takunkumi kina cewa haa."

"Ban ja takunkumi ba."

"Kin ja! Sau arba'in, ina ƙirgawa. Yadda kike yi wa kofi a gida."

Ta kalli hannunta. Sannan a hankali ta ce ai wannan duba fuska ne kawai. Fuska ɗaya ce ke da sinadari, kuma da ido duk iri ɗaya suke. In ka hura, hazon da ke kwanciya a fuskar da aka shafa daban yake da na ɗayar, sai ka san wadda za ka sa sama. Tsohon Dakta ne ya koya mata a makonta na farko, tun kafin a fara sa takunkumi, kuma ba a taɓa rubuta shi a takardar ƙa'ida ba. Sauran ma'aikatan yankakken gefen gilashin suke dubawa, ita kuwa ba ta taɓa yarda da yankan kamfani ba.

Ta ce, "Huci ai ba taɓawa ba ne."

Na ce, "To ni na sani?"

Ta sake faɗa, wannan karon ba da ni take ba. "Huci ba taɓawa ba ne." Sai ta zauna a kujerar da na tashi, ta daɗe tana kallon ɗakin ta cikin tagar, kamar akwai wanda ta hango a tsaye a wurin da take tsayawa.

Ta miƙe ta ce in biyo ta. Akwai gilasai uku da suka rage a cikin akwati, ba ta taɓa su ba, har yanzu suna cikin yunwarsu. Ta yi musu alama a gefe. Na farko ta ajiye shi haka nan. Na biyu ta riƙe shi a gaban bakina ta ce, "Ja takunkumin. Ce haa." Na ce. Na ga hazona ya kwanta ya ɓace. Na uku ta yi masa nata. Sannan ta bi da su duk matakan, madara, ruwan gishiri, wanki, ruwa mai launi, wanki. Ya ci fiye da awa biyu. Muka zauna a baranda muna jira, ta buɗe fulas ta zuba mini shayi, ita ba ta sha ba. Na yi ta surutu don in kori shirun, na ba ta labarin wata mai kaya da ta ƙara ƙiba ta ce ni na rage mata riga. Ta yi murmushi inda ya kamata.

Ɗakin duhun ƙarami ne, bai fi banɗaki ba. Ƙarfe biyu na rana ne a waje, amma da ta rufe ƙofa ko tafin hannuna ba na gani. Ina jin numfashinta kusa da kunnena, da wani ɗan fito siriri a ƙarshen kowane ja, wanda ban taɓa lura da shi ba sai a cikin wannan duhun. Ta sa na farko ta kunna fitilar injin. Baƙi. Ta sa nawa. Na riƙe numfashi ban san dalili ba. Baƙi.

Ta sa nata.

Hasken ya taso a hankali, kore, mai faɗi a tsakiya yana sirancewa zuwa gefe, daidai surar hazon da baki ke bari a madubi. Har ya haska mata haɓa da ƙasan ido. Na ga fuskar Yayata kore a cikin duhu, tana kallon abin, sai kuma na ga haƙoranta. Dariya take yi. Ta fara ƙasa-ƙasa, ta ƙaru, ta koma tari, ta dafa kafaɗata tana yi tana haki.

"Auta! Ashe ba hannuna ba ne. Kin gani? Ba hannuna ba ne!"

Ni wawuya har na fara taya ta murna. Na ce to alhamdulillahi, sai ki daina hurawa, magana ta ƙare. Sai na tuna abin da gilasan nan suke nema, na tuna nawa hucin bai yi haske ba. Na tuna ta ce in gilashi ya ce akwai mara lafiya a ɗakin, to akwai. Wata da watanni tana ɗaura zare a ƙofa don ta kama mai shigowa. Na sulale na zauna a ƙasa.

Na ce, "Yaya, kin gane abin da yake faɗa kuwa?"

Ta ce, "Tun muna baranda na gane. Tashi, ƙasan nan ba wurin zama ba ne, za ki ɓata rigar mutane."

Na zage ta. A ɗakin duhun nan na zage ta tas, na ce mata mahaukaciya, mara tausayi, wadda ta fi son gilashi a kan 'yar'uwarta. Ta bar ni na gama, sannan ta laluba ta kama hannuna ta ɗaga ni.

Ranar Litinin ta kai wa Dakta gilasan uku. Kafin la'asar an ɗauki hoton ƙirjinta, kafin mako ya ƙare likitoci sun faɗi abin da ba na son maimaitawa. Ya riga ya bazu. Dakta ta fito da shaidun wata shida daga firij ta jera su bi da bi a ɗakin duhu, daga mai ɗan toka-toka har zuwa mai haska fuska. Ta ce mini da a ce wani ya fahimci na farkon, da wataƙila. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba.

Dakta ta so ta yaga takardar nan, Yaya ta hana. Ta ce kashi shida sun lalace kuma ita ta lalata su, ba za a ɓoye ba. Amma a rubuta daidai. Ta tsaya a kan Dakta har sai da aka buga sabuwa, wadda ta ce an gano musabbabin shi ne hucin duba fuska, tsohuwar hanyar aiki da ba a taɓa hanawa ba, kuma ba a samu wani rashin tsabta a hannun ma'aikaciyar ba. Ta sa aka ƙara layi ɗaya a takardar ƙa'ida, cewa kada kowa ya hura wa gilashi. Ta kawo mini sabuwar takardar shago, ta shimfiɗa ta a teburin yanka inda ta shimfiɗa ta farko, ta ce in karanta mata. Sau biyu na karanta, na biyun da ƙyar.

Ta yi sati ɗaya tana koya wa wanda zai gaje ta, sannan ta dawo gidana, ɗakin nan mai ƙyallaye da ta yi shekaru tana kushewa. Ɗanta ya zo. Wata bakwai ta yi. Har makon ƙarshe in na kawo mata ruwa sai ta ɗaga kofin ta duba, ta ce, "Auta, ke dai ba za ki gyaru ba." Amma ba ta sake hura wa komai ba.

Bayan rasuwarta da kwanaki Dakta ta zo shago da wani ɗan akwatin roba. Ta ce Mama ce ta ba ta ajiya a ranarta ta ƙarshe a wurin aiki, ta ce a ba ni in ta tafi. Na buɗe bayan ta fita. Gilashi ne ɗaya, fari fes, babu komai a kai. Na juya shi, na ɗaga a rana, na duba cikin akwatin ko akwai wasiƙa. Babu. Raina ya ɓaci, na ce ko a mace sai ta yi mini gorin tsabta. Hannuna kuma duk man keke ne, na riga na dame shi da sawun yatsu, sai na ji kunya kamar tana kallona. Na kai shi famfo na wanke da sabulu, na dirje sosai, na ɗauraye har sau bakwai, na goge da farin ƙyalle.

Na ɗaga shi don in ga ko ya fita. Ban yi tunani ba, bakina ne kawai ya yi abin da ya saba gani tun ina yarinya. Na ce haa.

A tsakiyar hazon sai ga sawun babban yatsa, layi-layi, cikakke, da dogon tabo a karkace ya ratsa shi. Na yi ihu har maƙwabcina mai gyaran agogo ya leƙo. Kafin ya ce lafiya hazon ya bushe, babu komai a hannuna sai farin gilashi.

Daga baya Dakta ta gaya mini tana nan aka yi. A awar yunwa ta ƙarshe Yaya ta zare safar hannu duka biyu, ta danna yatsanta a kan gilashin ta riƙe, ta ƙirga har sittin. Ta ce shekara ashirin da bakwai ba ta bar sawu ba, wannan ɗayan na Auta ne, kuma a tabbata an ɗinke shi, don ta san halina, sai na ɓata shi na wanke.

Yana nan a aljihun keken ɗinkina, cikin akwatinsa. Na wanke shi ya fi sau goma, bai gusa ba. Wani lokaci da rana in shago ya yi shiru nakan fito da shi in riƙe ta gefe yadda take riƙewa, in ce haa. Yatsan ya fito da tabon da na yi mata, ya ɗan tsaya, ya fara ɓacewa daga gefe. In ya tafi sai in ja numfashi in sake hurawa.